Gawar da ba ta samu sutura ba

Na fara ganin fim ɗin zombi, wato na matattun da suke tashi suna yawo, a wani gidan bidiyo da ke unguwar Zango a nan Damagaram, a wajen shekarar 1994, lokacin ina farkon shiga kwaleji. Wurin rumfar zana ce kawai mai benci shida ko bakwai, da tele guda da aka ɗora a kan dogon tebur, mai wurin kuma yana zaune a bakin ƙofa yana karɓar dala biyar-biyar. Da rana fina-finan Indiya yake sakawa da na ƴan karate, sai bayan sallar isha'i, idan ƙananan yara sun watse, yake ciro kaset ɗin da muke kira fim ɗin dodo. A daren da nake ba da labari, abin da ya saka shi ne L'Enfer des zombies, sunan da Faransawa suka laƙaba wa Zombi 2 na Lucio Fulci, ɗan ƙasar Italiya, wanda ya fito a 1979. Kaset ɗin ya sha kwafi har launinsa ya koɗe, muryoyin kuma suna fita kamar daga cikin rijiya, amma duk da haka ban rintsa ba sai da aka kira asalatu.

Duk inda masu sha'awar wannan fim suka haɗu, wurare biyu suke ambata: wurin da aka jawo kan wata mata a hankali har sartsen ƙofa ya shige mata ido, da wurin da zombi yake kokawa da kifin shak a ƙarƙashin teku. Ni ba ɗaya daga cikinsu ne ya hana ni barci ba. A cikin labarin akwai wani likita a wani tsibiri da annoba ta mamaye, marasa lafiyarsa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ana naɗe su cikin farin ƙyalle a ɗaure da igiya, kamar dai yadda muke ganin mamaci a kan makara. Sai ka ga ƙyallen ya fara motsi, gawar tana yunƙurin tashi zaune, likitan ya ɗaga bindiga ya harbe ta a ka, jini ya ɓata farin ƙyallen, daga baya a zuba su gaba ɗaya cikin rami guda. Babu wanka, babu salla, babu mai rakiya. A daidai wurin nan rumfar ta yi tsit, har na ji wani babba a bayana yana salati ƙasa-ƙasa. Amma da aka zo inda matattu suka zagaye gawa suna cin kayan ciki, dariya aka yi, domin wani ɗan gidan mahauta da ke cikinmu ya ɗaga murya ya ce wannan hanjin dabba ne, shi ba za a ruɗe shi ba.

Na daɗe ina juya wannan dare a raina, kuma a kansa na gina fahimtata game da fina-finan nan. Yaron da ya tashi a Damagaram ba baƙon jini ba ne. Kowace Babbar Salla yana tsaye ake yanka rago, shi ake ba tumbi da hanji ya je ya wanke, kuma da yamma yana ganin raguna a banƙare a jikin itace an jera su kewaye da wuta tun daga Birni har Sabon Gari. Abin da bai taɓa gani ba, kuma zuciyarsa ba ta iya ɗauka, shi ne gawar mutum a yashe. A wurinmu mamaci yana da haƙƙi a kan masu rai: a yi masa wanka, a sa shi a likkafani, a sallace shi, a gaggauta kai shi makwancinsa, kuma idan gari duka ya bar wannan aiki, gari duka ya yi laifi. Kalmar da muke amfani da ita, sutura, ita kanta tana nufin rufe abin da bai kamata ido ya gani ba. Zombi kuwa gawa ce da aka hana sutura, tana yawo a fili da ruɓarta, ƴaƴanta da maƙwabtanta suna kallo. Nan tsoron yake, jinin kuwa hanya ce kawai ta nuna shi.

Asalin kalmar ma yana goyon bayan wannan karatu. Daga Haiti ta fito, ƙasar da bayin da aka kwasa daga Afirka da jikokinsu suka ƙwaci ƴancinsu daga Faransa a 1804. A imanin mutanen can, bawa idan ya mutu kurwarsa tana komawa gida Afirka ta huta, zombi kuwa shi ne wanda boka ya tono daga kabari ya mayar da shi gonar rake, yana aiki ba magana ba gajiya, wato wanda ko mutuwa ba ta ƴanta shi ba. Amurka ta mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934, kuma a cikin waɗannan shekaru ne labarin ya tsallaka zuwa Hollywood, inda aka yi White Zombie a 1932 tare da ɗan wasa Bela Lugosi. Babu cin naman mutum a cikinsa, sai matattu masu buɗaɗɗen ido suna juya injin matse rake. Wanda ya taso yana jin labarin maye da kama kurwa, ko labarin mutumin da aka binne a gari kaza sai fatake suka gan shi yana ciniki a wata kasuwa mai nisa, ba zai ga wannan baƙon abu ba.

George Romero, mai shirya fim ɗan Amurka, shi ne ya sauya komai a 1968 da Night of the Living Dead, wanda muka sani da La Nuit des morts-vivants. Shi da abokansa masu shirya tallace-tallacen tele a birnin Pittsburgh suka haɗa kuɗin da bai wuce dala 114,000 ta Amurka ba, suka ɗauki fim ɗin baƙi da fari a wani tsohon gidan gona. Jinin da ake gani ruwan cakulan ne, naman da matattu suke yaga kuma gasasshen nama ne da kayan ciki da wani mai shagon nama daga cikin masu zuba jari ya kawo. Kalmar zombi ba ta fito ko sau ɗaya a bakin ƴan wasan ba, babu boka, babu ubangida mai juya su, sai dai matattun gari ne suka tashi suna cin masu rai. Lokacin fitowarsa ma abin lura ne. Tsohuwar ƙa'idar tarbiyya ta Hollywood, wadda aka tsananta aiki da ita tun 1934, ta riga ta mutu murus, sabon tsarin raba fina-finai bisa shekarun mai kallo kuma bai fara aiki ba sai 1 ga Nuwamba 1968, wata guda cif bayan an fara nuna fim ɗin. Saboda haka aka riƙa sayar wa yara ƙanana tikiti da rana tsaka, kuma mai sharhin fina-finai Roger Ebert ya rubuta yadda ya ga yara a wani sinima na Chicago sun shiga da ihun murna, suka ƙare a zaune shiru, wasu suna kuka.

A Ingila masu tacewa sun rage wuraren cin nama da wurin da ƙaramar yarinya ta kashe mahaifiyarta da cokalin magina a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. To amma a dubi ƙarshen fim ɗin. Jarumin, Ben, wanda Duane Jones ya fito a matsayinsa, baƙar fata ne, abin da ba a saba ba shi jagoranci ba a fina-finan Amurka na wancan zamani. Shi kaɗai ya tsira har gari ya waye, ya leƙo ta taga jin ƙarar masu ceto, sai ƴan sintiri fararen fata suka hango shi daga nesa suka harbe shi a goshi ba tare da sun tambayi ko mai rai ne ba. Daga nan hoto ya daina motsi, sai hotuna tsayayyu masu dishi-dishi kamar na jarida, ana nuna yadda suka sa ƙugiyar mahauta suka ja gawarsa zuwa tarin da za a cinna wa wuta. Wannan ya fito ne a shekarar da aka kashe Martin Luther King. Jinin da ke wannan wuri bai cika cokali ba, kuma a duk kwafin da na taɓa kallo, na kaset ko na faifai, yana nan yadda yake. Almakashi yana iya auna daƙiƙoƙin jini, amma ba shi da ma'aunin wulaƙanta gawa, shi ya sa nake ganin masu tacewa sun bar jaki suna dukan taiki.

Kada a ɗauka ina raina jinin ne. Ina daga cikin masu mayar da kaset baya don su sake ganin yadda aka yi dabarar, kuma a wannan fage babu kamar Tom Savini, wanda ya yi aikin ɗaukar hoto a rundunar Amurka a yaƙin Biyetnam, ya ga raunuka na gaske, ya dawo ya mayar da abin da ya gani sana'a. Shi ya yi kwalliyar Dawn of the Dead, fim ɗin Romero na 1978, wanda aka ɗauka da daddare a katafaren rukunin kantuna na Monroeville, kusa da Pittsburgh, bayan masu shaguna sun rufe. Kan da ya tarwatse da harsashi a farkon fim ɗin, da zombin da farfelar jirgi mai saukar ungulu ta sare wa ƙoƙon kai, da ƴan babur da aka yayyaga a ƙarshe, duka da hannu aka haɗa su, da roba da fenti da bututun da wani yake ɓoye yana tura jinin ƙarya. Fuskokin matattun sun fito shuɗi-shuɗi, jinin kuma ja ne mai haske kamar fentin ƙofa, kuma Romero ya so shi haka domin fim ɗin rabinsa ba'a ce: matattu suna ta kai-kawo a tsakanin shaguna saboda abin da suka saba yi ke nan suna raye. Duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Dole ana jajibirin salla zai gane barkwancin ba sai an fassara masa ba. A Italiya kuwa Giannetto De Rossi, mai kwalliyar Fulci, ya bi wata hanya dabam, ya shafa wa ƴan wasa yumɓu ya ɗora tsutsotsi masu rai, har matattunsa suka yi kama da abin da ƙasa ta fara ci da gaske. A ganina har yau babu zombin da ya kai nasa, kuma jinin da ake zanawa da kwamfuta a yanzu ba shi da nauyi, ba ya jiƙa riga, ba ya sa ɗan wasa ya yamutsa fuska.

Masu yin fina-finan sun biya farashin wannan jini. Da hukumar raba fina-finai bisa shekarun mai kallo ta Amurka ta nuna za ta ba Dawn of the Dead alamar X, wadda jama'a suka ɗauka ta fina-finan batsa ce, sai aka sake shi a 1979 ba tare da wata alama ba, alhali jaridu da gidajen sinima da yawa ba sa karɓar irin wannan. A Day of the Dead na 1985 an ba Romero zaɓi: dala miliyan 7 idan zai sassauta, ko rabin haka idan ya nace. Ya ɗauki rabin, ya sake rubuta labarin ya ƙuntata shi cikin wani ramin ajiya a ƙarƙashin ƙasa. A wurin da aka raba kyaftin ɗin sojoji gida biyu, kayan cikin alade ne na gaske, kuma sun riga sun ruɓe saboda an cire wa firij ɗin wuta, don haka azabar da ke fuskar ɗan wasan ba duka ce wasa ba.

Kowace ƙasa da irin nata tsoron. Faransa, wadda ta hanyarta yawancin kaset ɗinmu suka zo da muryoyin Faransanci, ta tsare Dawn of the Dead, mai suna Zombie a can, bai shiga sinima ba sai 1983. A Jamus kotu ta ƙwace shi, ba a ɗage hukuncin ba sai 2019, bayan Romero ya rasu da shekara biyu. Ingila ce ta fi kowa tayar da jijiyar wuya. Da na'urar bidiyo ta shiga gidaje a farkon shekarun 1980, babu dokar da ta tilasta a tace kaset, sai jaridu da ƴan fafutukar tarbiyya irin su Mary Whitehouse suka yi ca, ofishin mai gabatar da ƙara ya fitar da jerin fina-finai da suka kai 72, aka yi nasarar hukunta 39 a kotu, majalisa kuma ta yi dokar kaset a 1984. Fim ɗin Fulci da na gani a Zango yana cikin 39 ɗin, kuma Ingila ba ta yarda a sayar da shi cikakke ba sai 2005. Wato abin da ɗan sanda yake ƙwacewa a shagon Landan, mu muna kallonsa a rumfar zana da dala biyar. Jerin kuma ya zame wa masu sha'awa jagorar abin da za su nema, har fina-finan da ba su da wata daraja suka yi suna albarkacin haramcin.

Akwai misalin da ya fi kusa da mu, ko da yake ba na zombi ba ne. A 1955 Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, ya fitar da Les Maîtres fous, wanda ya ɗauka a kusa da Accra a cikin ƴan ci-ranin Nijar mabiya Hauka, wata al'ada mai kama da bori, inda ake ganin mutane cikin hawan iska, kumfa a baki, suna yanka kare suna ci, suna kwaikwayon gwamna da hafsoshin Turawa. Hukumomin mulkin mallaka na Ingila suka haramta shi a yankunansu. Jini yana ciki, amma da wuya a ce jinin kare ne ya dami gwamnan da ake kwaikwayo. Haka nan Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001 kuma hukuncinta yake shafar abin da muke kallo a nan tun da fina-finan Hausa daga can suke zuwa mana, abin da ta fi sa wa ido shi ne rawa da waƙa da shigar mata. Idan ka ga abin da wata hukuma take yankewa, ka ga abin da ke damun masu iko a wurin, ba lalle abin da ke cutar da mai kallo ba.

A Damagaram ta ƙuruciyata, tacewa tana hannun mutanen da suka san sunan ubanka. Mai gidan bidiyon yana riƙe da rimot, kuma da zarar mace ta fara tuɓe riga sai ya tura kaset gaba, amma bai taɓa tura shi gaba don jini ba. Idan ya hangi yaron da bai isa ba a fim ɗin dare, sai ya ce, "Kai, ɗan gidan wane, tashi ka tafi kafin in aika a kira yayanka." Ni ma wata rana kawuna ya tsinto ni a wurin, ya tsaya a bayana ya kalli kusan minti biyar, sannan ya kama kunnena har gida. A hanya bai yi maganar jini ba, abin da ya ce shi ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai, kuma bai kamata ido ya saba da ganin ana wasa da gawa ba. Har yau ban sami amsar da ta kawar da maganarsa gaba ɗaya ba. Abin da nake iya cewa shi ne mafi kyawun waɗannan fina-finai ba su sa na saba ba, sun ƙara mini jin nauyin makara ne a kafaɗa. Marasa kyawun kuwa, waɗanda suke jan wahalar mace su tsawaita ta don daɗin kallo kawai, kawu ya fi ni gaskiya a kansu, kuma wurin sartsen nan na Fulci, duk da gwanintar da ke ciki, yana kan iyaka.

Na san akwai masu danganta ta'asar matasan palais, wato gungun ƴan daba na garin nan, da fina-finan tashin hankali. Wanda ya kalli fim ɗin gaskiya da Aïcha Macky, ƴar garin nan, ta yi a 2021 a kan unguwar Kara-Kara, zai ga rashin aiki da rashin makaranta da wariyar da aka daɗe ana nuna wa unguwar sun isa su bayyana abin da ake gani, kuma jaruman da waɗannan samari suke kwaikwayo masu ƙwanji ne da ke cin nasara da duka, ba gawa mai jan ƙafa ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali a yau yana cikin wayoyinmu. Idan aka yi haɗarin mota a hanyar Maraɗi ko ta Agadas, ko aka kai hari wani ƙauye, kafin dangi su ji labari hotunan gawarwakin sun zagaya WhatsApp, fuska a buɗe, ba roba ba fenti, kuma sau da yawa waɗanda suke tura su su ne masu cewa fim ɗin dodo haramun ne. Savini aƙalla yana wanke wa matattunsa fuska su koma gida su ci abinci.

A hutun da ya wuce ɗan yayata, wanda yake shekarar farko a Jami'ar André Salifou, ya ce mini, "Kawu, wai wane ne a cikin tsofaffin nan ya cancanci a ɓata masa lokaci?" Ƙannensa na kora waje tukuna, domin a wannan ina tare da mai rimot. Na zaɓa masa na 1968, wanda samunsa ba wuya, tun da kamfanin da ya rarraba shi ya manta sa alamar haƙƙin mallaka lokacin da aka sauya masa suna, ya zama na kowa. Muka zauna a zaure da kwamfuta a kan tabarma. Ya yi dariyar tafiyar matattun, ya yi dariyar ruwan cakulan da na faɗa masa, ya riƙa duba wayarsa a tsakiyar fim. Da aka harbi Ben ya ajiye wayar, da ƙugiyoyin suka fito kuma ya juyo ya tambaye ni ko ba wanda zai duba ya ga mutum ne kafin su ƙone shi. Na ce masa ya ci gaba da kallo, saura minti biyu, sunayen ƴan wasa ne suke hawa a kan hotunan.